Kada ki bari a kwance dashbod ɗin sai an sa mita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da wata mota da na saya ta hannu. Inda nake aiki babu rumfa, a rana take wuni. Yanzu saman dashbod ɗin ya tsattsage, wani ɓangaren kuma ya yi danƙo, ƙura na manne masa. Daga baya sai wuta ta fara ba ni matsala. Wasu ranakun da safe in na murɗa makulli sai dai in ji ƙat-ƙat-ƙat, ba ta tashi sai an jona mini batirin wata motar. Da rana tsaka kuma ina cikin tafiya sai allurar maleji da ta mai su faɗi, fitilun dashbod su yi ta ƙiftawa, can kuma su dawo. Na sake batir, bai yi wata biyu ba abin ya dawo. Mai wayarin ɗin da aka kai ni wurinsa ya ce zafi ne ya narkar da wayoyin da ke bayan dashbod, sai an kwance shi gaba ɗaya an sake wayoyi, wataƙila ma har da ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta. Maigidana ya ce in sayar in huta. Ni kuma ina son motata. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yarda a kwance dashbod ɗin nan tukuna, kuma ki roƙi Maigida ya ɗan ƙara miki haƙuri kan maganar sayarwa. Na bi wasiƙarki ina neman inda za ki ce mai wayarin ɗin ya ɗauko mita, wato na'urar auna wuta, ya ɗora a kan batir, ban gani ba. Da alama leƙowa ya yi ya ga saman dashbod ya tsage, ya ji kin ce wuta na ɗaukewa, sai ya ƙulla wannan da wancan ya yanke hukunci.

Zafin dai gaskiya ne, babu musu. A wani bincike da aka wallafa a 2018, masana na Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka, tare da takwarorinsu na Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, sun ajiye motoci a rana a ranakun da zafin gari ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyos. Cikin sa'a guda iskar cikin mota ta kai digiri 47, sitiyari 53, saman dashbod kuwa 69. Waɗanda suka ajiye a inuwa, dashbod ɗinsu a 48 ya tsaya. Taki kuma wuni take yi cur. To amma saman ne ke shan wannan azaba. Wayoyin suna can ƙasa, ƙarƙashin soso da roba, rana ba ta ganinsu, kuma rigar da ke jikin wayar mota an yi ta ne don ta jure digiri 80 zuwa sama da 100. Abin da ke narkar da waya shi ne wuta ta bi ta cikinta fiye da ƙarfinta, kuma in hakan ta faru hanci ne zai fara gaya miki, domin ƙaurin ƙonanniyar roba ba ya ɓuya a cikin mota. Ba ki ce kin ji ƙauri ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne sabon batirin da ya yi wata biyu ya kasa. Sabon batir yana zuwa a cike, sai ya rufe asirin matsalar na ɗan lokaci har shi ma ya gaji. Ke nan da kika sake shi an bar jaki ne ana dukan taiki. Ƙat-ƙat-ƙat ɗin da kike ji kukan kik ne, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, yana neman wuta bai samu isasshiya ba, kuma hanyoyin da hakan ke faruwa ba su da yawa: ko batirin ba ya samun caji kina tafiya, ko wani abu na zuƙe shi da dare, ko kuma wutar na nan amma hanyarta ta toshe da tsatsa.

Ki fara da na ƙarshen, domin shi ba ya buƙatar kowa. Ki buɗe bonet motar na kashe, ki kama kan batirin da hannu ki gwada juya shi. In ya motsa ko kaɗan, to bai ɗauru ba. Ki duba ko akwai farin gari ko kore-kore da ya taru a wurin. Sannan ki bi baƙar wayar nan mai kauri da ta taso daga ɓangaren da ke da alamar ragi, ki ga inda ta kama jikin mota da inda ta kama inji. Duk wutar motar ta nan take komawa batir. In noti ɗaya ya yi tsatsa ko ya saki a wurin, za ki ga abubuwan al'ajabi: a taka birki fitilar wani wuri ta kama, a danna hon allura ta faɗi, kik ya yi ta ƙara bai juya inji ba. In za a wanke kan batir, a fara cire na ragi, shi ne kuma za a mayar daga ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi. A goge da burushin ƙarfe da ruwan ɗumi mai ɗan bekin soda, a bushe, a ɗaure tamau. Kada kowa ya kunna sigari a wurin, batir na fitar da iskar haidirojin, mai kamawa ce.

Daga nan sai mita, kuma ina so ki tsaya ki ga lambobin da idonki, kada ki zauna a benci a zo a gaya miki. Batirin mota gida shida ne a ciki, kowane yana ba da kusan volt 2.1, shi ya sa cikakken batir da ya kwana bai yi aiki ba yake nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In ya sauko 12.0 ko ƙasa, ya kusa kwanciya. Lokacin da aka murɗa makulli inji na juyawa lambar za ta faɗi, amma bai kamata ta gaza 9.6 ba. A daidai wannan lokacin ne kuma ake gwada baƙar wayar nan: baki ɗaya na mita a kan ragin batir, ɗayan a jikin inji. Lafiyayyar waya ba za ta nuna fiye da 0.2 ko 0.3 ba. In ta kai rabin volt, an kama ɓarawo ɗaya.

In inji ya tashi, lambar ta hau ta zauna tsakanin 13.5 da 14.7. Wannan aikin altaneta ne, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, kuma a nan nake so ki fi zuba ido, domin da za a ce lallai in nuna ɗan yatsa daga nesa, ita zan nuna. Dalilina shi ne ita ɗaya ta isa ta haifar da duka abubuwan biyu da kike kuka da su. A cikinta akwai kabon da ke cinyewa da tsufa, akwai regileta mai daidaita ƙarfin wutar, akwai kuma wasu 'yan abubuwa da ake kira dayod, waɗanda aikinsu su bar wuta ta fita ta nufi batir, su hana ta komowa. Altanetar da ta soma gajiya takan yi aiki lafiya da sanyin safiya, sai inji ya ɗau zafi, an kunna esi da fankarsa, ga cunkoso mota na tsaye tana huci, sannan ta kasa. Wuta ta yi ƙasa, allurai su faɗi, fitilu su ƙifta. In kuwa dayod ɗaya ya fashe, cajin zai ragu da rana, da dare kuma wutar batir ta riƙa sulalewa ta cikinsa har gari ya waye. Saboda haka awon da aka yi da ƙarfe takwas na safe, inji da sanyinsa, komai a kashe, ba ya wanke altaneta daga zargi. Ki kai motar da rana tsaka bayan ta yi tafiya, a kunna esi da manyan fitilu da rediyo, a sake aunawa. A kuma duba fambel ɗin da ke juya ta, ko ya saki ko ya yi sulɓi. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, takan rage shi da gangan wani lokacin, don haka faɗuwar ɗan lokaci ba hujja ba ce. Wadda ta zauna a 12 da ɗoriya alhali an kunna komai, ita ce abin tuhuma.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonki kada ki bari a yi wa motarki. Za ki ga mutum ya tayar da inji, ya zare kan batir, wai in motar ta mutu altaneta ba ta caji. A zamanin motocin da babu kwamfuta a cikinsu an yi haka an zauna lafiya. A motar yanzu batir ne ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke yi, da zarar an zare shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar da ake ce miki ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Mita na ba da amsar nan cikin minti guda ba tare da kasada ba.

Tun da abin naki mai zuwa ne yana tafiya, kuma irin wannan matsalar ta iya ɓuya in ta ga bakanike, ki nemi 'yar mitar nan da ake cusawa a soket ɗin cajin wayar hannu, mai nuna lamba da jan rubutu. Ki bar ta a jone. Ranar da allurai suka faɗi, ki ɗan saci kallonta, ko wanda ke gefenki ya duba miki. In lambar ta faɗo 12 ko ƙasa a daidai lokacin, matsalar ta caji ce, tana gaban mota ƙarƙashin bonet, babu ruwan dashbod. In kuwa tana nan daram a 14 amma allurai sun kwanta, to sai hankali ya koma kan allon malejin kansa.

A nan ne kawai zafin rana zai iya shigowa cikin maganar wuta, kuma ba ta hanyar da aka gaya miki ba. Bayan allon maleji akwai faifan lantarki mai ɗaruruwan liƙin dalma. Kullum ya yi zafi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, shekara da shekaru, har wani liƙin ya yi tsaga siririya da ido ba ya gani. In ya ɗau zafi tsagar ta buɗe, wuta ta yanke. Alamarsa ita ce in aka ɗan bubbuga saman allon da tafin hannu sai allurai su farfaɗo. Wannan allon 'yan sukurori ne ke riƙe da shi, ana zaro shi ta gaba ba tare da an taɓa sauran dashbod ba, mai gyaran kayan lantarki ya sabunta liƙin, a duba soket ɗinsa a mayar. Gyaran ya fi sauyawa, domin a wasu motocin lissafin tafiyar mota da tsarin gane makulli suna cikin allon ne, in aka sa na wata motar sai an sake saita shi.

Idan caji ya fito lafiya amma batir na kwana ya mutu, sai a nemi mai shan wutar dare. Ke da kanki za ki iya gwajin farko: daren da batir yake cike, ki sa a cire kan ragin, a mayar da safe. In ta tashi da bugu ɗaya, ga shi kuma jiya da shekaranjiya sai da aka jona, to a cikin motar ake zuƙe shi. Ki dai tabbata kina da lambar sirrin rediyon in irin mai kullewa ce. Mai wayarin kuma zai sa mita tsakanin batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a jira kwamfutocin motar su yi barci, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye. Bayan nan bai kamata abin da ke fita ya wuce miliamp 50 ba. In ya wuce, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda lambar ta faɗi a kansa. Yawanci kayan da aka ƙara wa mota daga baya ne ake kamawa, rediyo mai allo, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, waɗanda aka jona a wayar da ba ta mutuwa ko an zare makulli. Sai kuma fitilar but da ta durowar gaban fasinja da ke ƙin mutuwa. Ƙaramin ƙwai mai wat 5 yana jan kusan amp 0.4, a dare ɗaya bai isa ya kashe cikakken batir ba, amma wanda dama rabin caji yake samu, wannan ya ishe shi. Gane ta but ba wuya: ki kunna bidiyo a wayar hannunki, ki ajiye ta ciki, ki rufe, ki buɗe ki kalla. In an zare duk ƙananan fiyus lambar ba ta motsa ba, a cire babbar wayar altaneta a gani, domin fasasshen dayod ba ta cikinsu yake sha ba.

Tun da an buɗe akwatin fiyus, ki leƙa da kyau. Kowane launi da ƙarfinsa: ja amp 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma a murfin akwatin ko littafin motar an rubuta na kowane gurbi. In kika ga kore a gurbin ja, ko an nannaɗe ƙafafun ƙonannen fiyus da zaren waya ko takardar gwangwani, to a nan maganar mai wayarin ɗinki za ta iya zama gaskiya, don an cire mai gadin da zai mutu a madadin waya. Mota ta hannu ta bi ta hannaye da yawa, ba abin mamaki ba ne. Ko da hakan ne, layin da ya ƙone shi ake bi a gyara, ba a sake wayoyin mota duka saboda layi ɗaya.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma, ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu daga baya, inda ake jona na'ura a karanta abin da motar ta rubuta. In aka ga P0562, ƙarancin wuta take kuka da shi. Ki sani kuma in wuta ta yi ƙasa, kwamfutocin mota kan zubo lambobin ƙorafi barkatai, wanda bai natsu ba sai ya ce komai ya lalace. A gyara caji, a goge su, a ga wanda ya dawo. Batirin da kika saya shi ma a cika shi a na'urar caji a sake gwada shi, domin duk mutuwar da ya yi tana rage masa kwana. In mai marafai ne a duba ruwansa, zafi na ƙafar da shi, a ƙara tataccen ruwan da ake yi don batir, ban da asid, ban da ruwan famfo.

Dalilin da ya sa na dage kan kada a kwance dashbod shi ne robar da ta sha rana shekaru ta riga ta bushe. 'Yan maƙalan da ke riƙe da ita karyewa za su yi ta yi, ga soket da yawa da za a zare a mayar, a manta ɗaya ko a karya ƙafar wani, ki dawo da mota mai ƙara da sababbin matsalolin da ba ki kai ta da su ba. Ga kuma jakar iskar fasinja a ciki, wadda ke buɗewa ta kare shi in an yi haɗari. Duk wayar da kika ga an naɗe da rawaya tata ce, ba a tsikararta da fitilar gwaji.

Shi kuwa saman da ya tsage, ba zai koma yadda yake ba. Akwai wani sinadari da ake cuɗawa da robar don ta yi laushi, zafi ne ke fitar da shi a hankali, har yakan taimaka wajen hazon nan mai maiƙo da ke kwanciya a cikin gilashin gaba. In ya fita sai roba ta bushe ta tsage, wata irin kuma ta narke ta yi danƙo. Ba ke kaɗai ba ce: a ƙarshen 2014 sai da Toyota ta ƙara wa'adin garanti a Amurka kan dashbod ɗin wasu motocinta, ciki har da Camry ta 2007 zuwa 2011, saboda irin wannan danƙon. Ki sa masa shimfiɗar da aka yanka daidai da ƙirar motarki, mai duhu marar ƙyalli, domin dashbod mai danƙo yana haska gilashi ya kashe wa direba ido. Ta bar ramukan iska a buɗe, kuma kada a manna komai da gam a kan murfin jakar iska. Wurin gogewa tsumma mai laima da ɗan sabulu ya isa, kada fetur ko tina ko man birki su kusance shi, man sa ƙyallin nan ma ni ba na sonsa. In kin ajiye mota ki sa mayafin gilashi mai ɗaukar ido, in da hali ki juya wa rana baya. Sassauta gilashin ƙofa ba ya taimakawa sosai, wani bincike na Jami'ar Stanford a 2005 ya nuna haka, ya kuma nuna cewa mafi yawan zafin cikin rabin sa'ar farko yake taruwa, don haka ko na minti kaɗan ne kada a bar yaro a ciki. Laita, gwangwanin feshi da batirin cajin wayar hannu, duk ki ɗauke su daga saman nan.

Ki gaya wa Maigida cewa motar da ba a san ciwonta ba arha ake sayenta, ga shi kuma dole ki faɗa wa mai saye aibinta. A yi awon nan tukuna, wuni ɗaya ya isa, sannan ku zauna ku yanke shawara kuna sane da abin da ke damunta.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba, amma ya shafi mota ta hannu mai wuni a rana. Kamfanin Takata na Japan ya yi jakunkunan iska da wani sinadari da zafi da laima ke lalatawa in ya daɗe, har ya zamana in jakar ta buɗe takan fashe ta watso ƙarfe. A Amurka kaɗai an janye kusan miliyan 67, kamfanin ya durƙushe a 2017, kuma yawancin motocin da abin ya shafa ƙirar 2002 zuwa 2015 ne, na kamfanoni daban-daban. In taki ta faɗo cikin waɗannan shekarun, ki tsaya a waje ta ɓangaren direba ki duba kusurwar ƙasa ta gilashin gaba, za ki ga lambar motar mai haruffa da lambobi 17. Ki kwafe ta ki shigar a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar, zai nuna miki ko tana cikin waɗanda aka janye, da kuma ko an riga an sauya mata.